Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Zuwa ga Inna,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama. Ni ne Issufu, ɗan farinki.

Kin san Baba da alkunya. Tunda aka haife ni bai taɓa kama sunana ba, sai "kai", sai "yaron nan". Ke ce mai kai saƙo tsakaninmu. To kin tafi kin bar mu kamar baƙi biyu a zaure ɗaya.

Bayan cirar gyaɗa fitsari ya fara yi masa gardama. Ya daina zuwa Juma'a saboda ɗiga, ya ce wai ƙafa ce. Ƙafa ina! Ni nake ganin yadda buta ba ta hutawa.

Da ƙyar na ɗauko shi daga Dogo-Dogo zuwa asibitin Damagaram. Likitan ya ce ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara ya kumbura, ana tsoron ciwon daji, sai an tsinko ɗan nama an auna. Za a sa na'urar eko mai ɗaukar hoton ciki ta dubura, hoton ya fito a allo, shi zai nuna wa allura inda za ta bi, ba lalube ba.

Likitan Hausarsa ba ta nuna ba. Ni aka ce in fassara. Inna, ni! Na faɗa masa, kaina a sunkuye, gumi har gadon baya. Baba ya jawo takalmansa zai fita.

Sai na tuna abin da kike cewa, mai ɓoye ciwo shi ciwo ke ɓoyewa. Na durƙusa na ce masa kunya ba za ta sa in yi maraici sau biyu ba. Sai ya ajiye takalman.

Na juya zan ba su wuri, sai na ji an ce, "Issufu, tsaya bakin ƙofa, kada ka yi nisa." Wallahi sai da na waiga in ga wa ake nufi. Can na tsaya ina kuka kamar yaro.

Sakamako ya fito. Ciwon ne, amma likita ya ce bai bazu ba, an fara magani. Ban ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba Baba lafiya, Ya bar mini shi ya ƙara kira na.

Naki,
Issufu