Saƙon Tamra Ya Tafi Ofishin Sanata

Hastings, Nebraska
14 ga Oktoba, 1995

Yaya Arlene,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Vernon da gwiwar nan tasa da ba ta barinsa. Ni ƙalau nake, sai dai gidan da ya yi mini girma.

Gyara zama ki sha labari, ƙanwarki ta shiga intanet. Kin dai ji rigimar da ake yi a majalisa, kamfanonin waya irin namu suna so a sakar musu mara su shiga harkar kiran nesa. To, sun haɗa kai sun buɗe shafi a kwamfuta don jan ra'ayin jama'a. Wani mutum ya zo daga babban ofis da kyamara, yana neman fuskar da za a yarda da ita. Aka nuna masa ni, wai shekara talatin da ɗaya ina haɗa wa mutane waya ban taɓa yi wa kowa tsawa ba. Da 'yata Tamra ya tambaya, da ya ji wani labarin daban.

Har gyaran gashi na yi saboda hoton. A ƙarƙashinsa sun rubuta wai na ce idan aka sassauta doka kiran nesa zai yi araha, iyalai su ƙara kusantar juna. Ban faɗa ba, amma ban hana su ba. Daga ƙasa kuma akwai wani fili da suka rubuta "Aiko da saƙonka", ban ma tambayi amfaninsa ba.

Ga roƙona. Na kwafo miki adireshin shafin a bayan takardar nan, harafi bayan harafi. Na san kuna magana da Tamra, kuma an ce a ofishinsu na Portland kowa da kwamfutarsa. Ki ba ta. Kada ki ce ni na aiko ki. Shekara huɗu ke nan ba ma magana, tun ranar jana'izar babanta, da na ce mata a gaban mutane cin abinci ya kawo ta, tunda ba ta zo jinya ba. Na san ban kyauta ba. So nake kawai ta ga fuskata.

Ki gaida Vernon.

Taki,
Lorraine

3 ga Disamba, 1995

Yaya Arlene,

Ina gaisuwa. Yaya sanyi a wajenku, yaya jikin Vernon? Na gode da safar da kika saƙa mini.

Kin ce kin ba Tamra adireshin tun watan Oktoba, ta ce za ta duba. To, ta duba ke nan, ta ga abin da ta gani. Shiru kake ji. Ba na ganin laifinta, halina ta ɗauko.

Ranar bikin Godiya, da iyalai kan taru su ci abinci, na gasa talotalo, ƙarami dai, amma har yau shi nake ci. Na shimfiɗa farin mayafin tebur na Mama, na ajiye faranti biyu, sai na ji kunyar kaina na mayar da ɗaya.

A wurin aiki sun ajiye mana kwamfuta a ɗakin shan kofi, kowa ya tura wa majalisa goyon bayansa. Ni da azahar nake zuwa in buɗe shafin. Hoton yana sauka a hankali kamar ana jan labule, gashi tukuna, sai goshi, kafin a kai ga murmushin kofina ya huce. Darla, wadda muke zama kusa, ta ce in na ci gaba da kallon kaina haka za ta sayo mini madubi, ya fi sauri. Na yi dariya. Ba ta san ina ƙoƙarin ganin abin da Tamra ta gani ba ne.

Kowa sai murna yake kiran nesa zai yi araha. Ni ko kyauta aka mayar da shi, wa zan kira in ba ke ba? Kaɗaici ya ishe ni, Yaya, gara in faɗa.

Ƙanwarki,
Lorraine

27 ga Fabrairu, 1996

Yaya Arlene,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Kin ji an sa wa dokar hannu farkon wata, har kek aka yanka mana a ofis. Shekaranjiya sai ga ambulan daga Washington, daga ofishin sanatan jiharmu. Wata ma'aikaciya ce ta rubuto da hannunta. Ta ce duk abin da aka rubuta a filin nan na ƙarƙashin hotona wurinsu yake zuwa, ana bugawa a tara a kwali a matsayin goyon baya, ba mai karantawa. Tana kwashe kwalayen ne idonta ya faɗa kan wani saƙo, ta ga ba nasu ba ne, ta haɗo mini shi.

Daga Tamra ne, Yaya. Ta ga fili a ƙarƙashin fuskar uwarta, ta ɗauka ni zai iske. Ranar ashirin ga Oktoba ta rubuta: "Mama, na gan ki. Gyaran gashin ya yi miki kyau. Ina da ciki, watan Fabrairu zan haihu, kuma tsoro nake ji. In kina so ki zo, ki kira ni. In ban ji ki ba, na gane, ba zan ƙara damunki ba."

Wata huɗu takardar nan tana kwance a kwali, ni ina nan ina kallon hotona. Ke ma na san ta hana ki faɗa mini zancen cikin, ba zan yi miki faɗa ba yau.

Lambarta tana kaina tun ranar da ta koma can, aikina ke nan, amma ban taɓa bugawa ba sai jiya da safe. Mijinta Curtis ya ɗauka. Ina jin kukan jariri a bayansa. Mace ce, kwananta tara, haihuwar kuma ta zo da wuya. Na yi masa bayani ina haɗa magana da kuka. Sai ya ce ai an ba Tamra amsa tun Nuwamba: takarda ce daga ofishin sanata, ana gode mata da goyon bayan da ta ba dokar sadarwa. Tamra ta ɗauka ni na miƙa saƙonta ga kamfani. Ya ce tana barci, zai gaya mata in ta tashi, amma ba zai yi mini alkawarin komai ba.

Na ɗauki hutu. Na jawo kujera kusa da wayar kicin, jakata a ɗaure take a bakin ƙofa. Darla ce za ta biyo ta kai mini wasiƙar nan gidan waya, don ba na son in fita.

Ki sa ni a addu'a. Kuma don Allah, Yaya, kada ki kira ni kwanakin nan, ko da na minti ɗaya ne. Kada ta buga ta ji layin a cike.

Taki har kullum,
Lorraine