'Yan Tsakina Na Cikin Rigarka

Baban Fadila,

Sannu da dawowa. Na wuce Dumega sunan ɗiyar Marwa, sai la'asar in Allah ya so.

Ampul ɗin nan na LED, ƙwayayen fitilar da ka cika gida da su kafin ka tafi, haske kam ba laifi. Har tsagar bangon da ka rantse ka gyara bara ta fito sarai. Amma ka haɗa har da na kejin 'yan tsakina, kuma sabon ba shi da zafi ko kaɗan. Na damƙe shi da hannu, sanyi ƙalau kamar randa. Tsohon nan ba don su yi karatu na rataya musu shi ba, don ɗumi ne.

Da safe na tarar da su goma sha huɗu sun dunƙule a kusurwa suna rawar ɗari, ɗaya ko kuka ba ta iyawa. Na yi ta kiranka in ji inda ka ɓoye tsofaffin ampul, amma can Sukukutane da ka je ba rezo, waya ba ta shiga.

To ka yi haƙuri. Na kwashe su na zuba cikin kwandon kayanka, na lulluɓe da farar babbar rigarka, don ita ta fi kauri. Duk sun farfaɗo, har sun ci gero sun ƙoshi.

Don Allah ka maida musu tsohon ampul kafin magariba, ko da yana shan kuran, mu biya kuɗin wutar. Rigar kuwa, kada ka ɗaga ka duba. Gobe Juma'a ka sa shuɗiyar.

Zalihatu