Ku Cire Hoton Mahaifiyata Daga Gilashin Ofishinku

Zuwa ga Manajan kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Al Rigga a Dubai, wanda ya kai mu birnin Strasbourg na Faransa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Ban kama sunan kamfaninka ba don ba zan yi maka talla ba. Ka dai san kanka.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Dubai. Bara mahaifiyata, Hajiya, ta zo daga Kano aka yi mata aikin gwiwa. Da ta warware, na so in faranta mata kafin ta koma gida, sai na yi mana rajistar tafiyarku ta kwana huɗu zuwa kasuwar hunturu ta Faransa. Da bakinka ka ce mini kun san yadda ake riƙe baƙo Musulmi.

Na ɗaya, garin ba shi da laifi. Tsofaffin gidaje a bakin ruwa, fitilu ko'ina, wuraren shan shayi masu ɗumi. Har ciniki Hajiya ta yi da yatsu, ta sayo wa jikokinta huluna. Masaukin da ka zaɓa mana kuwa hawa na huɗu ne, babu lif, alhali na faɗa maka halin ƙafarta. Kullum tallabe ta nake yi mu hau.

Na biyu, ɗan rakiyar da kuka haɗa mu da shi ya miƙa wa Hajiya kofi mai tururi a wata rumfa a kasuwar, jan abu mai ƙamshin kirfa. Sau biyu ina tambayarsa, ya ce lemo ne. Ta zaci irin zoɓo ne, ta kurɓa. Mai rumfar ce, wata Bafaranshiya, ta ga hijabinta ta riƙe mata hannu ta ce giya ce. Wadda ba Musulma ba ta fi ku sanin darajarta. Hajiya ta haura saba'in, ba ta taɓa kusantar wannan abu ba. Wuni ta yi tana kurkure baki tana istigfari, ba ta ƙara fita ba har muka taso.

Na uku, da na kawo maka ƙara, ko daga kujera ba ka ɗago ba, ka ce, "Khalas, habibti, ai shwaiya ta sha," wai shi ke nan, ɗan kaɗan ta sha. Ni ba habibti ɗinka ba ce, Malam.

Makon jiya ina fitowa daga tashar jirgin metro sai ga hoton Hajiya a gilashinku, kofin nan a hannunta, ana tallar tafiyar bana da ita. Wani ɗan unguwarmu da ke zuwa saro kaya kasuwar Naif ya ɗauka a waya ya tura gida. Yanzu a wajen biki ana yi mata tambaya.

Ku cire hoton nan daga gilashi da shafinku. Ka rubuta wa Hajiya takardar ban haƙuri da hannunka, zan karanta mata da Hausa. Kalmar halal kuma ku goge ta daga takardunku, tunda ba ku san ma'anarta ba.

Allah Ya shirye ka, Ya sa kada a yi wa taka mahaifiyar haka.

Wassalam.

Hauwa'u, daga Deira, Dubai.