Ranar da Ƙofar Kicin Ɗinmu Ta Je Barnawa

Zuwa ga maigidana, Baban Rahila,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fata kana hutawa a inda babu hawa tsani, babu zafin rana. Mu nan Nasarawa lafiya muke. Rahila ta shiga aji uku na sakandare, har ta ɗara ni tsawo. Yau wata tara da rasuwarka, rigar aikinka tana nan rataye a ƙusa, na kasa wanke ta.

Ka san karatuna bai wuce firamare ba, sai ka yi haƙuri da rubutun. Dalilin wannan wasiƙa shi ne in roƙi gafararka a kan ƙofar kicin, in kuma ba ka labarin tafiyar da ta yi.

Shekara goma sha biyar ina yi maka mita a kan ƙofar nan. Duk ginin da ka gama shafa wa fenti, sai ka dawo gida da ragowar a gwangwanin madara, ka ɗauki burushi ka shafa a bayanta, faɗin tafin hannu. Ba ka rubuta suna, ba ka sa lamba. Nakan ce, gidan mai fenti guda, amma ƙofarsa kamar zanen mahaukaciya. Kai kuma ka yi dariya ka ce, "Bar ta, Maman Rahila, ofishina ke nan."

Da tsanin aro ka fara, da keke, kana shafa shagunan Kakuri ɗaya bayan ɗaya. Rabin ƙofar na ƙasa sai da ya ci shekara goma kafin ya cika. Da sojoji suka sauka aka koma mulkin farar hula, sai kowa a Kaduna ya tuna yana da bango. Ofisoshin jam'iyya, makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, otal, kowa yana so a gan shi sabo. Daga kai da Malam Sani, abokin aikinka na farko, kuka zama mutum goma sha ɗaya, keke ya zama a-kori-kura. Rabin ƙofar na sama cikin shekara biyar ya kusa cika.

Amma yawan aiki bai sa ka gaggawa ba. Na tuna wani ɗan siyasa da ya so a shafa masa ofis kafin taronsu, filasta ko kwana huɗu ba ta yi ba. Ka ɗora tafin hannunka a bangon, ka ce, "Ranka ya daɗe, bangon nan bai gama shan iska ba. In na shafa, damina za ta tona mana asiri, ni da kai." Ya ba wani aikin. Ka dawo gida ka ci tuwonka har da ƙari, ni ce na wuni da haushi.

Lokacin da gari ya rikice, mutane suka rabu, Malam Sani ya kwashe iyalinsa ya ƙetare gada. Mutane suka ce ka nemi wani. Ba ka nema ba. Da ƙura ta lafa, kullum da safe sai ka tuƙa motar zuwa bakin gada ka ɗauko shi, da yamma ka mayar da shi. Kakan ce, "Bango ba ya tambayar wanda ya shafe shi ina yake ibada."

Bayan ka tafi, mutane sun zo gaisuwa sosai, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma waɗanda suka zauna a tabarmarmu suna yabon aikinka, su ne suka kai ayyukansu wani wuri. Ban ga laifinsu ba. Kai ne mai haɗa launi, da ido kake haɗawa, ba ka taɓa aunawa ba. Yaran aikinka suka fara zamewa, daga goma suka koma biyar. Wata rana Malam Sani ya zauna a ƙofar gida ya ce mini, "Maman Rahila, hannu muna da shi, ido ne ya tafi. In wata ya mutu ba mu sami babban aiki ba, sai dai kowa ya kama gabansa." Wato abin da ka gina tun daga tsanin aro zai watse a hannuna.

Cikin makon ne Hajiya mai makarantar nan ta Barnawa ta aiko a kira ni. Ta gina sababbin azuzuwa shida a gefen waɗanda ka shafa shekara huɗu da suka wuce. Ka san Hajiya, ba ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Ba don tausayi na kira ki ba, aiki nake so. Tsanwar da mijinki ya yi mini, da ita iyaye suke kwatanta makarantar nan. In za ku fitar da ita sak, aikin naku ne. In ba za ku iya ba, ga kamfani nan sun kawo mini littafin launuka." Ta ba mu mako guda.

Kwana uku Malam Sani yana haɗawa yana gwadawa a jikin tsohon ginin. In ya dace da bangon gabas, sai ya saɓa da na yamma. In ya bi na yamma, na gaban ofis ya ƙi. Ya dawo ya ce mini bangon nan kamar hawainiya.

Rana ta huɗu ina tuƙa tuwo, iska ta turo ƙofar kicin ta rufe. Na ɗaga kai, sai ga ofishinka a gabana. Na ajiye muciya na fara dubawa. Tsanwa har kala shida ce a jiki, ba wadda ke da suna. Na tsaya ina kallo kamar mai neman ɗanta a filin makaranta. Can sai na ga ɗaya da aka goge gefenta, ta ja wutsiya zuwa ƙasa.

Baban Rahila, ka tuna ta? Ranar da ka gama makarantar Hajiya ce. Na sha sabon zanen zumuntar mata zan tafi coci, na jingina da ƙofar ina gyara takalmi, ban san ka shafa ɗanyen fenti ba. Faɗan da na yi maka ranar, har maƙwabta suka leƙo. Kana ta ba ni haƙuri kana danne dariya, ka ce ai na fi kowa kyau a zumunta tunda ni kaɗai ce mai tambari. Na buɗe akwati na ciro zanen, na kara shi a jikin ƙofar. Ita ce. Tuwon ranar sai da ya ƙone.

Washegari muka kwance ƙofar daga jikin bango, muka ɗora ta a bayan a-kori-kura. Matan layinmu suna tambaya ko tashi za mu yi. Na ce a'a, ofis ne zai je aiki.

Muka jingina ta da bangon makarantar, muka kira Hajiya. Ta dubi ƙofar, ta dubi bangon, ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba tawa ba ce. Tawa ba ta kai wannan cika ba." Gaskiyarta, ko makaho zai ga bambancin. Ta ƙofar tana da rai kamar ganyen zogale bayan ruwan sama, ta bangon kuwa ta koɗe. Malam Sani ya sunkuyar da kai. Ni ma na ce a raina ko zanen ne ya yaudare ni.

Sai na tuna abin da kakan faɗa in mun wuce tsohon aikinka a hanya: "Rana ma tana cin abinci, fenti take ci." Ƙofarmu a inuwar kicin ta zauna, bangon Hajiya kuwa shekara huɗu yana shan rana. Na duba, na ga allon sanarwa da aka kafa a baranda tun lokacin da ka gama aikin. Na ce, Hajiya, don Allah a cire allon nan. Ta ce, "Ke kuma, bayan ƙofa har da allo?" Amma ta bari.

Da Malam Sani ya zare ƙusa ta ƙarshe ya sauke allon, sai ga aikinka a ƙarƙashi, sabo fil, kamar jiya ka sauke burushi. Muka matso da ƙofar. Ba ka iya cewa ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Hajiya ta matso ta duba. Can ta ce, "Ashe haka makarantata take, na manta." Ta juyo ta ce, "To, ai ba zan bar sabon gini ya kunyata tsoho ba. Ku shafe su duka."

Saura haɗawa. Malam Sani ya zuba shuɗi da ruwan ƙwai cikin fari, ya kusa amma tana da tsawa, tana tsone ido. Na ce ya ɗiga ja kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Ja a cikin tsanwa? Maman Rahila, miya muke haɗawa?" Na ce miya ce, domin kuwa haka ka faɗa mini ranar zanen nan, tsanwa ba ta kwanciya sai da ɗigon ja, kamar miya da gishiri. Ya ɗiga, ya shafa a gefe, ya ce ta yi duhu. Na ce Malam, kai ma ka san maigidanka ba ya yanke wa fenti hukunci yana jiƙe. Muka zauna a inuwar mangwaro har ya yi sallar la'asar. Da muka koma ta bushe, ta fito sak. Ya cire hularsa ya goge ido da ita, ya ce wai ƙura ce.

Mako uku muka yi. Uku daga cikin yaran da suka tafi sun dawo. Ban hau tsani ba, amma kullum ina wurin, ina ɗora hannu a bango kamar yadda kake yi. Sabon ginin ma sai da na sa aka jinkirta ɗaki biyu don filasta ba ta bushe ba, Hajiya ta ce ashe taurin kan na gida ne. Yanzu mai wani asibiti a Mahuta ya ga aikin, ya ce mu je mu duba nasa ranar Litinin.

Mun mayar da ƙofar wurinta. Ranar da muka gama, Malam Sani ya miƙo mini gwangwanin madara da ragowar fenti. Babu sauran wuri sai can ƙurya ta sama, kusa da ruwan tokar da ka shafa a ƙarshe. Na taka turmi na shafa. Hannuna ba naka ba ne, ta karkace, ta kuma zubo. Rahila ta shigo ta ce, "Mama, kin ƙara ɓata ƙofar nan." Na ce mata, bar ta, ofis ne.

Ka yafe mini mitar shekara goma sha biyar. Ubangiji ya ba ka hutawa irin ta wanda ya gama aikinsa da kyau, ya riƙe mana Malam Sani da yaran nan, ya ba ni ido ko rabin naka, har ranar da za mu sake saduwa. Amin.

Zan sa kafinta ya yi mana sabuwar ƙofa ga ɗakin ajiya, don wannan ta cika.

Ni ce matarka mai tambari,
Maman Rahila