Kafin a Saki Ruwa a Gonakin Shinkafa

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Wata Lahadin ta wuce, ba wanda ya tashe ni yana neman robar jirgin wasansa. Mijina Tokuji na zaune a teburin ɗumi, gajeren nan mai bargo da na'urar ɗumama ƙafa, talabijin na ta surutu, shi kuwa ba kallo yake ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki, hannun damansa ya ƙi aiki. Likita ya ce da motsa jiki zai ɗan dawo, shi kuwa Tokuji ya ce a ƙyale shi.

Tun aurenmu nake mita a kan ƙurar katakon balsa da yake haɗa ƙananan jiragensa da shi. A miya, a shimfiɗa, har a gashin kaina. Yau na share ɗakin aikinsa, tsintsiya ba ta kwaso komai ba. Ina kewar ƙurar nan.

Talata, 14 ga Fabrairu

Abokinsa Hagiwara-san ya zo da lemo. Tare suke tashin jirage a gonakin shinkafa, daga girbi har zuwa lokacin da manoma za su saki ruwa a Afrilu.

"Toku, gonaki sun bushe ƙayau, ba iska ko kaɗan. Ka fito mana, mun rasa wanda za mu yi wa dariya."

Bai ko murmusa ba. Ya nuna ɗakin da haɓa, ya ce, "Ka zo da mota ka kwashe kwalayen kayan jiragen can da ban buɗe ba. Ku raba."

Hagiwara-san ya dube ni, ya sosa ƙeya, ya ce motarsa cike take da shirgi, sai an saki ruwa. Ƙarya yake, lokaci ya ba ni. In kwalayen nan suka fita daga gidan nan, mutumin da na aura ya bi su, ni na sani.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Na sauko da kwali ɗaya, mafi ƙanƙanta. Siraran katako kamar tsinken tsire, farfela, robar da ke juya ta, takarda rawaya shara-shara, da zanen da ake bi. Na baje su a teburin cin abinci, daidai inda zai gani. Ya gani. Ya ƙara muryar talabijin.

Juma'a, 3 ga Maris

Reza ta yanke ni, gam ya manne min yatsu. Wannan abin ne mutum ya ba rayuwarsa?

Lahadi, 5 ga Maris

Na gama fukafukai biyu, na jera su ina jin kaina. Sai na ji daga bayana:

"Ke! Na hagu biyu kika yi."

"Kamar yaya?"

"Dube su mana. Duk ɓangare ɗaya ne. Tsuntsun da kika taɓa gani haka, a ina yake?"

Ya ce kowa ya taɓa yin wannan shirmen, har Hagiwara, wai shi sau biyu ma. Ya yi ta bayani, bakinsa na ɗan karkacewa, yana lanƙwasa hannun hagu a iska. Rabon da in ji ya jera magana haka tun kafin ciwon. Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Asabar, 11 ga Maris

Na gano lagonsa. In na yi daidai sai ya yi shiru, in na ɓata sai ya yi magana. To, shekaranjiya na karkata jelar, jiya na lafta gam kamar mai shafe bango. Yau na ɗauki farfela zan sa ta a baibai, sai ya ce, "Sumie, kin san daidai. Kada ki mayar da ni yaro."

Kunya ta kama ni. Ya koma gaban talabijin, can ya yini. Ni ma da rawar kai.

Lahadi, 19 ga Maris

Na daina wasa. Na lulluɓe jikin da takardar, na fesa ruwa kaɗan kamar yadda na sha ganin yana yi. Da ta bushe ta ɗame tsaf, na ɗaga shi a taga, duk haƙarƙarinsa ya fito. Ya yi kyau fa. Ban ce ya zo ya gani ba, amma da na dawo daga shanya na tarar an goge gefen fiffike ɗaya, gugar hannun hagu, ba ta miƙe ba. Akwai 'yar ƙura a gwiwar wandonsa.

A da, in ya gama jirgi, har taka rawa yake a tsakar ɗaki da safa. Wancan nake so ya dawo.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Lahadin ƙarshe kafin ruwa. Na yi dunƙulen shinkafa, na zuba shayi, na ce ni zan tafi ko da shi ko ba shi. Ina sa takalmi na gan shi da hula da sanda, wai zai je ne kada in kunyata sunan gidan.

Tsofaffin abokan tashin jirginsa suka yi caa. "Ga Toku! An kawo shi da mai gadi!"

Murɗa roba aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe jirgi, ɗaya ya ja ya murɗa. Ni ce mai riƙewa tun ina amarya. Yau na miƙa masa abin murɗin. Ya gwada, abin ya suɓuce masa ya faɗi a ƙasa. Ya sake, ya sake faɗuwa. Kowa ya kau da kai yana duba sama. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya karɓi jirgin da hagu ya ce, "Murɗa. In na ce tsaya, ki tsaya."

Na murɗa har robar ta yi ƙulli-ƙulli. Na karɓi jirgin daga hannunsa, na sake shi. Ya ɗan duƙa, na ce shi ke nan, sai ya ɗaga hanci ya hau, yana kewaya kan karan shinkafa, rana na ratsa takardar. Ban san na bi shi da gudu ba sai da na tsinci kaina a cikin kwalbatin ban ruwa.

"Kin jefa shi kamar mai korar kaji," in ji shi. Hannun daman yana cikin aljihu, har muka dawo bai fito da shi ba.

Asabar, 22 ga Afrilu

An saki ruwa. Hagiwara-san ya zo da mota, na ɗauka za a ce masa ya koma. Ba a ce ba. Tokuji ya tsaya a bakin ƙofa ana ta fita da kwalaye. Ba zai sake riƙe reza ba, ya riga ni sani. Kuma ba zai yi rawa da safa ba. Na rubuta, ga shi nan, ban mutu ba.

Da kwalayen suka rage kaɗan, sai ya tare ƙofar da sandarsa, ya ce, "Dakata, Hagi. Na matar gidan ne yanzu, sai abin da ta bar muku. Ke, zo ki zaɓa."

Na ce ni ina ruwana da tarkacensu, don shi na yi.

Na ɗauki uku. Ɗayan mai fiffike hawa biyu ne, ya ce ya fi ƙarfina. Za mu gani.