Gargaɗin da ke Bayan Shafi

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya ƙara masa buɗi, Ya raya mana su bisa tarbiyya, ke kuma Ya ba ki juriyar abin da ke gabanki. Mu nan sai godiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya ajiye sanda, ko da yake likita ya hana shi hawa bene, shi kuma kamar da bango aka yi maganar. Yayanki an dawo da shi ofishin da ke kusa da tasha, kullum sai ya biyo da rana ya share kwano, ya ce wai duba mu ya zo yi. Auta ta gama jarrabawa, tana zaman jiran sakamako. Za ki ga rubutuna ya karkace, wasu haruffan kamar kaza ta bi ta kai. Ba tsufa ba ne. Zan zo kan dalilin, amma bari in fara da naki. Na zaɓi takarda ne domin a waya kina katse ni, ni ma ina katse ki.

Auta ta gaya mini kin rubuta takardar ajiye aikin da kike yi wa ƙungiyarku ta masu rubuta littafin bayanin na'urori, tana cikin jakarki, kina jiran taron Asabar ɗin ƙarshen wata ki miƙa. Ta ce dattijon nan na ƙungiyarku mai gyaran rubutu da jan biro ne ya ɗauki bayanin da kika yi wata guda kina rubutawa, ya bi shi layi-layi a gaban sababbin shiga, ya mai da shi ja kamar an yanka kaza a kai, har ya tambaye ki ko ke kanki kin taɓa riƙe na'urar da hannunki. Ta ce kin yi kuka a mota. Ta kuma ce makullin ɗakin da kuke zama a bayan laburare yana hannunki, ke ce mai kiran mutanen da ke zuwa gwaji, kuma ranar da aka nemi wanda zai karɓa kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Wato in kin tafi an rufe zaman. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da kika ce mata ai Mama ma ta daɗe da cewa ɓata lokaci ne.

Na faɗa, ba zan musa ba. Zuwanki na ƙarshe, muna kicin, kika ba ni labarin yadda kuke yi. Kika ce kowace Asabar kukan kira mutanen da ba su san kome game da na'ura ba, mai gadi, mai sayar da kaya, tsohuwa irina, ku ba mutum na'ura da takardar bayaninta ku ce ya bi. Wanda ya rubuta kuwa dokarsa ita ce ya zauna a kan hannuwansa, bakinsa a rufe, ko da yana ganin mai karatun zai yi kuskure, domin ranar da takardar ta shiga gidan mutane ba ya nan balle ya yi bayani. Na yi dariya har na ajiye ludayi. Na ce manya da digirinsu sun rasa abin yi sai zama a kan hannu, kuma macen da ke da miji da 'ya'ya ba ta da Asabar ɗin bayarwa kyauta. Na kira ku ƙungiyar shan shayi. Kika ci gaba da yanka albasa. To ki saurara, domin ba kullum za ki ji uwarki ta janye magana ba.

Makonni uku da suka wuce yayanki ya kawo mini injin markaɗe na lantarki, ya ce in huta da aike. Kin san halina, ba na taɓa sabon abu sai na karanta takardarsa, haka aka koya mana a sakandare, a gama layi ɗaya kafin a shiga na biyu. Ranar Talata da hantsi ina markaɗa tumatir, wani guntun citta busasshe ya shige ƙarƙashin wuƙar, injin ya yi gurnani ya tsaya cik. 'Yar fitilarsa ta mutu. Na sa tabarau, na buɗe wurin da aka rubuta abin da za a yi in ya maƙale. Na ɗaya, a jira wuƙa ta daina juyi. Ta daina. Na biyu, a cire murfi. Na cire. Na uku, a juye abin da ke ciki. Na juye. Na huɗu, wanda shi ne layin ƙarshe a shafin, a zare abin da ya tokare wuƙar. Na sa hannu. Ina taɓa cittar injin ya tashi.

Ba zan tsawaita ba. Maƙwabciyarmu nas ce ta ji ihun Auta ta shigo, ta ɗaure hannun da mayafinta, aka kai ni asibiti. Ɗinki bakwai aka yi mini a manuniya da yatsan tsakiya na hannun dama. An warware, ya kame, sai dai kan manuniyar har yau ba na jin sa, likita ya ce mai yiwuwa ya dawo, mai yiwuwa a haka za a zauna. Ni na hana kowa gaya miki, kada ki ga laifin Auta. Babanki, da ya ga hankali ya kwanta, sai ya fara halin nasa, wai shekara talatin da biyar yana neman abin da zai sauke wannan yatsan daga fuskarsa, ashe a kanti ake sayar da shi. Ya kuma ce ai ko ba takarda, hankali ya isa ya gaya wa mutum ya zare filogi. Na ce masa hankalin ne ya gaya mini abin da ya yi shiru, fitilarsa ta mutu, a kashe yake.

Kwana biyu da dawowata na sa Auta ta ɗauko mini takardar daga ƙarƙashin kabad, da jinina a gefenta. Na sake karanta layi na huɗu, na juya shafi. A can sama, cikin akwati mai baƙin layi, da manyan haruffa, an rubuta cewa kafin a sa hannu a zare filogi daga soket, domin injin yana kashe kansa in ya yi zafi, yana kuma tayar da kansa in ya huce. Na daɗe ina kallon akwatin nan. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, bai kuma manta ba. Turancinsa ma mai kyau ne, babu kalmar da ta gagare ni. Shi ya riga ya san injin, shi ya sa a wurinsa gaba da baya duk ɗaya ne. Da an taɓa zaunar da shi a kan hannuwansa, ya ga wata tsohuwa ta kai layi na huɗu ta miƙa hannu ba ta juya shafi ba, da ranar ya gyara. Ba a zaunar da shi ba, sai aka gwada a kaina, a kicin ɗina, ba kuma wanda ke kallo.

Saboda haka ki buɗe kunne. Albashin da kike karɓa a kamfani na aikin da aka sa ki ne, wannan tsakaninki da su. Na Asabar kuwa shi ne wanda ba wanda ya tilasta miki, kuma irinsa ake duba wa mutum. Allah Ya ba ki ilimin da yawancinmu ba mu da shi, kin san inda takarda ke yanka mutum, ba ki da ikon ki naɗe hannu domin wani ya ɓata miki rai. Dattijon nan bai kyauta ba da ya yi miki a gaban ƙanana, ki same shi shi kaɗai ki gaya masa cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba. Amma tambayar da ya yi miki, Auta ta ce ba ki amsa ba. Ni na haife ki, na san shirunki. In ba ki riƙe na'urar ba, ki je ki riƙe, ki sake rubutawa, ki kai masa da kanki. Jan biro a kan takarda wankewa ma ba ya buƙata, sabuwa ake ɗaukowa. Ni nawa jan har yanzu yana jikin mayafin baiwar Allahn nan nas, ta wanke sau uku bai fita ba.

Batun gida kuma, na yarda Asabar tana da nauyi. Ki zauna da maigidanki ku tsara, mutum ne mai fahimta, ni ce dai na zuga ki ba shi ba. Ki nemi mutum biyu cikin masu sunkuyar da kan nan, ki kira su da sunansu, kada ki ce wa zai taimaka, domin wannan tambayar ba ta da mai amsawa. Ki ba ɗaya aikin kiran mutane, ɗaya ya riƙe makulli mako bayan mako. Amma takardar da ke jakarki, ki yage ta kafin Asabar ɗin ta zo.

Na sa miki takardar injin a cikin ambulan ɗin nan. Ban goge ta ba, kuma kada ki goge. Ki kai ta zamanku, ki ba wanda bai san labarin ba ya karanta, ku duka ku zauna a kan hannuwanku, ku ga ko zai juya shafi. In kun tashi ku rubuta wa masu injin, ba don ni ba, nawa ya riga ya faru. In kuma Allah Ya kawo ni wajenku bayan damina, ki sa sunana cikin masu zuwa gwaji. Ina karatu a hankali, ina bin layi yadda aka rubuta shi, kuma ba na jin kunyar cewa ban gane ba. Shayin ma zan sha.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki yi maza ki bi umarni tun yatsan bai warke ba. Yayanki da matarsa da Auta suna gaisuwa, haka goggonki da maƙwabciyarmu nas, wadda ya kamata ki kira ki yi wa godiya. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yaran, ki ce wa babbar na ga zanen da ta aiko. Hannun ya gaji, nan zan tsaya. Ina jiran amsarki bayan taron, ba kafinsa ba.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki