Dalmar da Na Zuba a Tukwanen 'Yar Yayata

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi, manya da ƙanana. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da zan ambata ma na canza su. Ku kuma masu karatu, na san ba a hana baki magana, amma ina roƙon ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Duk zagin da za ku yi min, wallahi na riga ku yi wa kaina shi.

Ni magidanci ne, na haura shekara arba'in da biyar, ina zaune a wani gari a ƙasar Kiru. Sana'ata zubin tukwane, kuma gado na yi. Muna sayen gwangwanaye da tsofaffin fistan mota da fasassun tukwane a wajen 'yan gwangwan, mu narka da gawayi, mu zuba a ƙasar zubi, mu goge, ranar kasuwa mu kai Dangora ko Tudun Wada. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kafin ya hura wuta sai ya baje tarkacen nan a ƙasa ya bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. In ya ga kan batir, ko guntun lagireton mota mai liƙi a jiki, sai ya yi jifa da shi gefe ya ce, "Auta, wannan dalma ce, guba ce. Wurinta cikin batir, ba cikin abin da za a dafa wa mutum abinci ba." Kowace tukunya ya gama kuma sai ya buga mata alamar tauraro a gindi, shaidar daga hannunsa ta fito. Don haka kada wani ya nema min uzuri ya ce ban sani ba. Na sani tun ina ɗan shekara goma.

Duk wanda ya san matan wajenmu ya san yadda suke zaɓen tukunya. Ba ruwansu da ƙyalli. Mace za ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta ji nauyinta, ta ƙwanƙwasa da zobe, ta kifa ta ta duba kaurin gindi. A wajensu mai nauyi ita ce tukunya, don ita ce ke jure tuƙin tuwon masara ba ta kamu, ba ta lotsewa in muciya ta dake ta. Kuma gaskiyarsu ce, in dai nauyin na kauri ne. To shekarun baya ƙarfen narki ya yi tsada, tukunya mai kauri tana cin ƙarfe, ga na kanti sun cika kasuwa, ga wani mai zubi daga wajen Bebeji da yake kafa kaya kusa da ni, nasa sun fi nawa nauyi. Ina ji ina gani mace za ta ɗaga tawa, ta ɗaga tasa, ta ajiye tawa ko kallona ba ta yi ba. Kasuwa uku a jere na ɗauro kayana na dawo da su yadda na kai su. Ran nan ina tsintar tarkace, na ɗauki kan batir zan jefar, sai na ji nauyinsa a tafin hannuna, ɗan abu kaɗan amma kamar dutse. Sai ban jefar ba. Shi ke nan fa, Anti, ba wani shaiɗan da ya zo min da ƙaho, ni ne da hannuna. Na riƙa jefa dalmar cikin narki, tukwane suka yi nauyi, kasuwa ta buɗe. Abu ɗaya na kasa, buga musu tauraron Baba. Duk wadda na sa wa dalma haka nake barin gindinta ba alama.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. A garinmu in za a haɗa wa amarya kayan girki, Yaya ake kira ta zaɓa, don an ce hannunta sikeli ne. Shekara biyar da suka wuce aka sa bikin 'yarta Rabi, sai Yaya ta shigo maƙerata da ƙawayenta uku. Dama na ware wa Rabi tukwane masu tsabta, masu tauraro, na goge su sai sheƙi suke. Yaya ta ɗaga ɗaya ta jijjiga, ta taɓe baki, ta wuce can ƙurya inda na jera na kasuwa. Ta ɗaga babbar ta ce, "Yauwa, ga tukunya nan kana ɓoyewa!"

Na ce, "Yaya, waɗannan na riga na yi wa wani alkawarinsu. Ga na Rabi can, su na zuba mata musamman."

Ta ce, "Waɗancan falan-falan ɗin? Auta, ni za ka koya wa tukunya? Ina tuƙa tuwo kana bayana a goye. Wato na kirkin na bare ne, 'yarka kuma ta tafi da gwangwani, dangin miji su yi mana dariya?"

Matan suka kwashe da shewa. To me zan ce? In ce mata a gaban matan gari nauyin nan guba ne? In ce duk tukwanen da ta zaɓar wa 'ya'yan mutane a wajena shekara biyu haka suke? Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "To Yaya, Allah ya sa albarka." Ta ɗauki uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ni na ɗaure mata su a bayan mashin da hannuna. Daga ranar ban sake sa dalma a narki ba, na ce wa kaina ai kaɗan ce, ai mutane da yawa suna ci ba abin da ya same su. Haka mutum yake lallashin kansa in ya ga dama.

An kai Rabi wani ƙauye a wajen Burumburum. Ta haifi 'yarta ta fari, Nana. Bayanta ta yi ɓari sau biyu, ita kanta kullum ciwon ciki da ciwon kai, ta rame ta yi fari fat. Nana kuwa yanzu tana neman shekara huɗu amma ba ta haɗa kalma biyu. In ka kira ta sai ta zuba maka ido kamar ba da ita kake ba, ba ta cin abinci, ga yawan kuka, bara kuma ta fara sanƙarewa tana kumfa. An ce iska ce, an yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi, ba sauƙi. Daga asibitin kusa da su aka tura su Kano, ni na raka su saboda mijin Rabi yana kudu wajen nema. Aka ɗebi jinin yarinyar, bayan kwanaki muka koma, ni da Yaya da Rabi. Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce an ga dalma a jinin Nana, kuma ita ce take taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ta shiga tambaya: akwai masu haƙar ma'adinai kusa da ku? Akwai mai gyaran batir a gidan? Wane irin kwalli kuke sa mata? Da wace irin tukunya kuke girki?

Yaya ta yi caraf ta ce, "Tukunya kam ba daga nan ba ne, likita. Ga mai zuba ta nan zaune, ƙanena ne, ɗan gado ne, ubanmu ko a mafarki bai yi algus ba."

Likitar ta juyo ta kalle ni ta ce, "Malam, ba ka haɗawa da kayan batir ko lagireto dai ko?"

Nana tana kan cinyata a lokacin, tana wasa da maɓallin rigata. Na ce, "A'a."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta farko, zuba dalmar, zan iya cewa kwaɗayi ne, ta biyu, barin Yaya ta ɗauki tukwanen, in ce kunya ce, to wannan ta ukun mene ne sunanta? Wane irin kawu ne wannan? Aka ɗora laifin a kan kwalli, Rabi ta zubar da tandunta tana kuka tana cewa ita ta cuci 'yarta da hannunta. Aka ba su magani, aka ce a raba yarinyar da duk inda abin yake fitowa, in ba haka ba maganin aikin banza ne. Suka koma gida, Rabi ta dama wa Nana kunun tsamiya a tukunyata.

Kada ku ce na zauna ban yi komai ba, na yi, sai dai irin na matsorata. Na shiga Kano na sayi saitin tukwanen silba masu kyau, na ainihi, waɗanda tsami ba ya ci, na kai mata na ce, "Rabi, ki koma girki da waɗannan, na zamani ne." Ta yi ta murna tana godiya. Da na koma bayan wata guda, sai na tarar ta jere su a kabat ko takardar jikinsu ba ta ɓare ba, sun zama kayan ado. Na ce me ya sa? Ta ce, "Haba Kawu, waɗannan a kan itace? Ai sai su yi baƙi. Kuma ba su da gindi, tuwo kamu yake. Ni taka ta fi min, abincinta ma ya fi daɗi." Sai na sake dabara, na ce ƙaramar ta tsage, ta ba ni in sake mata. Na kawo ta gida na haƙa rami na binne, na zuba mata sabuwa mai tsabta. Yaya ta je ta gani, ta ɗaga, ta aiko min da saƙo wai hannuna ya fara mutuwa, kuma kada Rabi ta kuskura ta sake ba ni sauran biyun, don irinsu ba a samu yanzu.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, Rabi tana da ciki wata takwas. Saboda ɓarin da ta yi ta yi, Yaya ta ɗauko ta ta dawo da ita gida ta haihu a gabanta. Shekaranjiya na shiga gaishe su da hantsi, sai na ga babbar tukunyar nan a tsakar gida, an wanke ta an kife a rana. Ban buƙaci in taɓa ta ba, gindinta yana kallona, ba tauraro. Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Ta kunun jego ce, na sa aka taho da ita. Tawa ta tsufa, kuma ka san kunun kanwa sai tukunya mai jiki."

Duk mai zubi ya san abin da kanwa take yi wa tukunya. Cinta take, ta baƙanta cikin, ta fito da duk abin da ke jikin ƙarfen ta zuba a abinci. Kwana arba'in Rabi za ta yi tana shan kunun nan safe da yamma, jariri yana shan nononta, Nana ma ana ɗiba mata a kofi. Ina nan tsaye, sai Rabi ta fito daga ɗaki tana dafe da baya ta ce, "Kawu, mun yi magana da babansu. In namiji ne sunanka za a sa, saboda wahalar da ka sha da mu a kan Nana." Na ce Allah ya raba lafiya, na fita. Ban kai gida ba sai da na tsaya a bayan wata katanga na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Na san wani zai ce ka sace tukunyar ka fasa, magana ta ƙare. Na yi wannan tunanin. To matsakaiciyar da ke can ɗakinta fa, wadda za ta koma ta ci gaba da miya a ciki? Likitar da na yi wa ƙarya fa, wadda har yau take neman inda dalmar ke fitowa, don an sake gwada jinin Nana an ce bai sauka yadda ake so ba? Sauran tukwanen marasa tauraro da ke gidajen mutane daga nan har Doguwa fa, waɗanda yawancinsu Yaya ce ta ɗaga ta ce a saya? In na faɗa mata, na san halinta, ba za ta rufe ba, gida gida za ta bi tana karɓowa, kuma tana da hawan jini. Za ta san cewa a gabanta na ɗaure wa 'yarta guba a bayan mashin, na kuma rungumi jikarta na ce a'a. Ba na jin za ta sake kira na Auta. Sana'ata ta mutu, 'ya'yana mata biyu da suka isa aure kuma su zama 'ya'yan mai tukunyar guba. Ina tsoro, Anti, ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji kamar raina zai fita. In kuma na yi shiru, ranar lahira me zan ce wa Baba, balle Ubangijin da ya ga hannuna ranar da ban jefar da kan batir ɗin ba?

Malamai da likitocin da ke wannan shafi, da iyaye mata, ku taimake ni. Ta ina zan fara, Yaya zan samu ko likitar zan koma wa? Akwai bakin da ake faɗin irin wannan magana da shi? Ungozoma ta ce haihuwar ba za ta wuce sati uku ba, Yaya har ta sayi kanwarta ta daka gero, tukunyar tana nan kife a tsakar gida tana jira.

Don Allah, me zan yi?